Fodom: Kwarin da Alƙalami Ya Fi Nakiya Yi wa Ɓarna

Hunturu biyu na yi ina wanke tukwane da yankan albasa a kicin ɗin wani otal a Arabba, wani ƙauye da ke maƙale a tsaunukan Dolomiti na arewacin Italiya. Kafin nan na yi shekara huɗu a Padova, Italiyanci ya zauna a bakina har ina cika baki cewa ba mai sayar da ni a kasuwa. Daren da na sauka, mahaifiyar mai otal ɗin ta leƙo kicin ta yi wa kuku magana mai tsawo, ya ba ta amsa, suka yi dariya. Ban tsinci ko kalma biyar ba. Na ɗauka Jamusanci ne, tunda Ostiriya ba nisa. Da na tambayi kuku, sai ya ce a'a, wannan Fodom ne. Na ce Fodom kuma wace ƙasa ce? Ya nuna ƙasan da muke tsaye da wuƙar hannunsa.

Daga baya na gane cewa wurin suna uku gare shi, kuma kowane suna da mai shi. A takardar gwamnati ƙaramar hukumar sunanta Livinallongo del Col di Lana, a lardin Belluno. Masu Jamusanci suna ce mata Buchenstein. 'Yan gari kuwa Fodom suke cewa, kuma da sunan suke kiran harshensu, wanda reshe ne na harshen Ladin. Ita kanta Arabba a bakinsu Rèba ce, hedikwatar ƙaramar hukumar da taswira ta rubuta Pieve su La Plié suka sani. Mutanen duka ba su wuce 1,300 ba, warwatse cikin unguwanni 17, wata unguwar gida biyar ce da ɗan coci a gefen gangare. Kogin Cordevole yana can ƙasa yana ruri, ba ka ganinsa sai ka leƙa.

Masu jin Ladin a Dolomiti wajen 30,000 ne, a kwaruruka biyar da suka kewaye wani ƙaton dutse mai suna Sella: Gherdëina, Badia, Fascia, Fodom da Anpezo. Harshen jikan Latin ne. Rumawa sun ci waɗannan tsaunuka shekara 15 kafin haihuwar Annabi Isa, Latin ɗin sojoji da fatake ya cakuɗa da harshen mutanen da suka tarar, abin da ya fito ya bazu a faɗin tsaunukan. Sannu a hankali Jamusanci ya matso daga arewa, karin Italiyanci ya matso daga kudu, Ladin ya rage a lungunan da hanya ba ta kai ba. Wahalar hanya ce ta tsare shi.

Tsohuwar nan, mahaifiyar mai otal ɗin, wadda nake kira Iya ita kuma take ce mini yaro duk da furfurar da ta fara fito mini, ita ta fara buɗe mini tarihin. Ta lura ba na taɓa miyar sha'ir ɗin da ake dafa wa ma'aikata saboda naman aladen da ake jefawa ciki, sai ta riƙa ware mini tawa a ƙaramar tukunya kafin a sa naman. Ranar da na yi mata godiya da Italiyanci ta girgiza kai ta koya mini tasu: Diovelpaie. Ma'anarta Allah ya biya ku. Na yi dariya na ce ai mu ma haka muke cewa, Allah ya saka da alheri. Tun daga ranar muka ƙulla.

Ta ba ni labarin noman iyayenta. Gonakin a tsaye suke kamar bango, ruwan sama da narkewar ƙanƙara suna wanke ƙasar zuwa gindin gona, don haka duk bazara sai an ɗebo ta a kwando an mayar da ita sama a baya. Sha'ir suke shukawa da hatsin rai da wani wake mai faɗi, daga baya dankalin Turawa ya shigo. Rani gajere ne, rabinsa a yankan ciyawa yake tafiya, domin saniya za ta yi wata shida ko fiye a ɗaki tana cin abin da aka tara mata. Burodi sau kaɗan ake gasawa a shekara, a busar da shi ya yi tauri, sai an jiƙa a madara ko miya. Gona kuma ba a raba ta a gado, bisa al'adar Tirol ɗa ɗaya ke riƙe ta, sauran su nemi sana'a ko su tafi ci-rani. Ni da na taso inda ake auna gona da igiya a raba wa magada, wannan ya yi mini tsauri. Amma da na ga girman gonakin na gane: in an raba, kowa zai tashi da abin da bai kai shimfiɗar tabarma ba.

Ranar hutuna ta farko da hanya ta buɗe na hau bas zuwa Andraz, daga nan na taka zuwa tsohuwar ganuwar da ta riƙe kwarin shekaru ɗaruruwa. Gani ya kori ji. Wani dunƙulallen dutse ne guda ɗaya, girman gidan sama, aka ɗora gini a kansa, ginin ya bi siffar dutsen har ba ka rabe inda dutse ya ƙare bango ya fara. Daga farkon ƙarni na 15 gidan yana hannun Bishop na Brixen, garin da Italiyawa ke kira Bressanone. Bishop ɗin a wancan zamani limami ne kuma sarki, yana da ƙasa, yana karɓar haraji, yana yanke hukunci. Shi ke naɗa kyaftin ya zauna a Andraz a matsayin hakiminsa.

Me bishop yake nema a wannan ƙurmus? Tama. Can gaba kaɗan, a ƙasar Col, wato Colle Santa Lucia, akwai ramukan haƙar ƙarfe na Fursil, waɗanda sunansu ya fito a takardar Sarki Frederick Barbarossa ta 1177, lokacin da ya mallaka su ga gidan sufaye na Novacella. Tamar wurin tana da sinadarin manganis, ƙarfenta yana da ƙwari yana kuma lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, irin wanda maƙeran takobi ke rububi. Ana buga masa hatimin ɗan rago, tambarin Brixen, don mai saye ya san asalinsa. Alfadarai ke ɗaukar tamar su bi ta gindin ganuwar Andraz, inda aka gina matoya, wata kuma a haura da ita ta Valparola zuwa Badia. Narka tama gawayi take ci, gawayi kuma daji yake ci, saboda haka matoyar takan bi itace duk inda ya rage. Jamhuriyar Venis, wadda iyakarta ke nan kusa, ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan ramukan, an sha ja-in-ja. Sai a tsakiyar ƙarni na 18 aka rufe su.

Baƙon da ya fi kowa suna a wannan gida shi ne Nikolaus na Kues, wanda aka fi sani da Cusanus, Bajamushe, kadinal, masanin falsafa da lissafi. An ba shi bishop na Brixen a 1450, ya zo da zafin gyara, ya ce sai kowa ya bi doka. Ya yi karo da shugabar matan zuhudu na Sonnenburg, Verena von Stuben, ya kuma yi karo da Sigismund mai mulkin Tirol, wanda ya fi shi sojoji. A 1457 ya ji ana farautar ransa, ya gudo Andraz ya kulle kansa fiye da shekara. A cikin wannan ɗaurin talala ya kammala littafinsa De beryllo a 1458. Akwai wata 'yar kafa a bangon ɗaki da ake nuna wa baƙi, ana cewa ta nan yake auna tafiyar rana. Na leƙa ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai sanyin ɗakin ne, da tunanin manoman da suka riƙa hawa da itace da cuku don malam ya samu ya yi rubutu. Sunan ko ɗayansu bai shiga littafi ba.

A 1803 aka karɓe mulkin duniya daga hannun bishop. Cikin shekaru goma sha biyu da suka biyo baya Fodom ta zaga hannu kamar kuɗin cizo: Ostiriya, Bavariya, daular Italiya ta Napoleon, sannan Ostiriya kuma. Gidan Andraz ya rasa aiki, aka sayar, a tsakiyar ƙarnin aka kware rufinsa, ya zama kango. Yanzu an gyara shi ya zama gidan tarihi.

Daga wancan zamani ne labarin Catarina Lanz ya fito, matar da gunkinta na tagulla ke tsaye a La Plié riƙe da sandar kwasar ciyawa mai yatsun ƙarfe. An haife ta a 1771 a Al Plan, cikin ƙasar Ladin ta Mareo. Ana cewa ita ce yarinyar da ta hau katangar maƙabartar coci a Spinges a 1797 ta riƙa tunkuɗe sojojin Faransa da wannan sanda. Masana tarihi suna gardama ko ita ce ko ba ita ba ce, domin sai bayan rasuwarta labarin ya bazu. Abin da ba a gardama a kai shi ne ta ƙare rayuwarta tana yi wa wani fada aikin gida, ta rasu a Andraz a 1854. An kafa gunkin a 1912. Da yaƙin duniya na farko ya zo aka ɗauke shi, ya ƙare a gidan tarihin yaƙi na Rovereto, bai dawo gida ba sai 1964. Gunki ma sai da ya yi gudun hijira na kusan shekara hamsin.

A 1909 aka kammala babbar hanyar Dolomiti daga Bolzano zuwa Cortina, wato Anpezo, ta ratsa Fodom daga mashigar Pordoi mai tsayin mita 2,239 zuwa ta Falzarego. Baƙi masu hawan dutse suka fara zuwa, aka fara gina masauki, mutane suka fara ganin kuɗi a hannu. Sai murna ta koma ciki. A 1914 aka kwashe samarin kwarin cikin rundunar Ostiriya aka kai su Galisiya su yaƙi Rasha. Ranar 23 ga Mayu 1915 Italiya ta shelanta yaƙi da Ostiriya, kuma iyakar ƙasashen biyu a bakin ƙofar Fodom take. Waɗanda suka rage a gida, tsofaffi da yara matasa na ƙungiyar maharba, su aka tura kan tsaunuka.

Ostiriya ta ja layin tsaronta zuwa ƙololuwar duwatsu, ƙauyukan suka faɗa tsakanin igwa da igwa. Aka kwashe jama'a. Waɗanda ke ɓangaren Ostiriya aka yi arewa da su, wasu har Bohemiya. Waɗanda sojojin Italiya suka tarar aka yi kudu da su zuwa garuruwa masu nisa, inda ake musu kallon mutanen abokan gaba. Iyali ɗaya sai ka ga uba a Galisiya, uwa a Bohemiya, kaka a Italiya. A watan Agusta 1915 igwar Ostiriya ta ƙone La Plié don kada Italiyawa su fake a ciki. Wato sarkin da 'ya'yan garin ke mutuwa dominsa, shi ya rushe musu gari.

Sai Col di Lana. Wannan dutse, mai tsayin sama da mita 2,400, ba shi da kyan gani kamar maƙwabtansa, baƙi-baƙi ne mai ciyawa. Amma wanda ke kansa yana ganin kwarin duka, ya kuma tare hanyar shiga Badia. Italiyawa suka yi ta hawa ana kakkaɓo su, wata bayan wata, har sojoji suka sauya masa suna zuwa Col di Sangue, dutsen jini. A Nuwamba 1915 dakarun Peppino Garibaldi, jikan shahararren Garibaldi, suka taka ƙololuwar, ba su kwana da ita ba aka ƙwace. Daga nan wani hafsa mai suna Gelasio Caetani, ɗan babban gida a Rum wanda ya yi aikin injiniyan ma'adinai a Amurka, ya kawo shawara: tunda an kasa hawa dutsen, a shiga cikinsa. Suka yi wata uku suna haƙa rami a ƙarƙashin sansanin Ostiriya. Na sama suna jin ƙarar haƙa a ƙarƙashin ƙafafunsu, sun san abin da ake shirya musu, amma umarni ya ce kada wanda ya motsa. Da ƙarar ta ɗauke suka san an gama. Daren 17 ga Afrilu 1916, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, aka tayar da nakiya sama da tan 5. Kan dutsen ya tashi da mutum fiye da 100. Kwamandansu, Anton von Tschurtschenthaler, da waɗanda suka tsira a cikin kogo, hayaƙi ya tilasta musu miƙa wuya.

Ribar da aka ci? Dutsen Sief da ke manne da shi ya ci gaba da zama a hannun Ostiriya, hanyar Badia ba ta buɗe ba. A ƙarshen 1917, bayan kayen da Italiya ta sha a Caporetto, sojojinta suka tattara suka bar wurin gaba ɗaya. Na hau Col di Lana da rani, tafiyar awa uku daga La Plié ga mai irin ƙafata. Ramin yana nan, ciyawa ta rufe shi, ga ɗan coci a gefe. A ƙasa, a Pian di Salesei, akwai maƙabartar sojojin Italiya dubbai, mafi yawansu ba a san sunansu ba. A Pordoi akwai ta Jamusawa da 'yan Ostiriya, mutum sama da 8,000. Matattun baƙi da ke kwance a Fodom sun ninka rayayyun 'yan gari sau da yawa.

Da aka dawo daga hijira mafi yawan gidaje toka ne, gonaki cike da waya mai ƙaya da harsasan da ba su fashe ba. Suka zauna a bukkokin katako da sojoji suka bari, suka sake gini. Wasu suka mai da tsintar ƙarfen yaƙi sana'a, wasu suka rasa hannu a kanta. Wannan duka sun gyara shi da ƙarfinsu cikin shekaru kaɗan. Abin da ya biyo baya ne ya gagara.

Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta ba Italiya kudancin Tirol. Ladinawa suka ga an raba ƙasa ba wanda ya ambace su, sai wakilan kwarurukan suka taru a mashigar Gardena a watan Mayu 1920, inda tutarsu ta fara fitowa: shuɗi na sama, fari na ƙanƙara, kore na makiyaya. A 1923, 'yan watanni bayan Mussolini ya hau, aka sa hannu a wata doka da ta cire Fodom da Col da Anpezo daga cikin 'yan'uwansu ta liƙa su a lardin Belluno. A 1927 aka ƙirƙiri lardin Bolzano aka sa Badia da Gherdëina a ciki, Fascia ta zauna a Trento. Al'umma ɗaya, lardi uku. Gwamnatin Fasist ta ce Ladin ba harshe ba ne, gurɓataccen karin Italiyanci ne. A 1933 aka ƙara wa ƙaramar hukumar "del Col di Lana" a sunanta, don tunawa da nasarar da aka ci a kan gonakinsu. A 1939, da Hitler da Mussolini suka shirya cewa kowa ya zaɓa, ko ya zauna ya zama cikakken Ba'italiye ko ya ƙaura ƙasar Jamus, har da Fodom a ciki. Mutanen da ba Jamusawa ba, ba Italiyawa ba, aka ce su ɗauki ɗaya. Iya ta ce akwai gidajen da wannan zaɓe ya raba, har aka mutu ba a gaisawa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a Yuli 1946, Ladinawa wajen 3,000 suka taru a mashigar Sella suna neman a mayar da su lardi ɗaya. Ba a saurare su ba. A 1964 coci ma ta bi sahu, aka cire Fodom daga ƙarƙashin bishop na Brixen bayan ɗaruruwan shekaru aka ba na Belluno.

Wani zai ce layin lardi ne kawai, ai duk Italiya ce. In kana son ka ga nauyin layin, hau mota daga Rèba ka tsallaka mashigar Campolongo zuwa Corvara, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba. Can lardin Bolzano ne, mai cin gashin kansa, wanda ke riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na harajin da ya tara. Tun 1948 makarantun Badia da Gherdëina suke da tsarinsu: rabin darussa da Italiyanci, rabi da Jamusanci, Ladin kuma yana da sa'o'insa. Tun 1989 ana rubuta takardun hukuma da shi. Wanda ya iya Ladin yana da fifiko a aikin gwamnati na kwarinsa, manomin kan tudu yana samun tallafi. A Fodom makaranta da Italiyanci take, Ladin ɗan abin da aka tsakura ne, kuma sai a 1999 dokar ƙasa mai lamba 482 ta amince da shi a wannan ɓangaren. Badia jama'arta ƙaruwa take yi. Fodom, wadda ta haura mutum 2,000 kafin yaƙin farko, raguwa take. Na ga unguwannin da tagoginsu ke rufe sai lokacin hutu.

Ba wai talauci ake yi ba. Rèba tana kan Sellaronda, zagayen da masu zamiyar ƙanƙara ke yi wa dutsen Sella, kuma daga Disamba zuwa Maris ba masaka tsinke. Motar igiya tana jan mutane zuwa Porta Vescovo, wato Ƙofar Bishop, sunan da ya rage daga tsohon mulki. Kuɗin nan ne ya kawo irina kicin. Amma kuɗin a Rèba ya taru, ƙananan unguwannin gangare ba su gan shi sosai ba, kuma harshen kasuwar Italiyanci ne da Jamusanci da Ingilishi. A ƙarshen Oktoba 2018 guguwar Vaia ta kwantar da dazuzzukan kwarin cikin dare ɗaya, ƙwaro ya bi ya cinye da yawa daga abin da ya rage, gangaren da itatuwa ke tare wa ƙanƙara suka zama tsirara.

Duk da haka harshen yana nan a gida. Jikokin Iya da shi suke faɗa a kan wayar hannu. Akwai gidan tarihin Ladin a La Plié, akwai cibiyar al'adu ta Cesa de Jan a Col, jaridar mako-mako ta La Usc di Ladins tana da shafin Fodom. Har rajistar filaye ta zamanin Ostiriya ce ake aiki da ita a Fodom da Col da Anpezo, ba irin ta sauran lardin ba. A ganina ramin Col di Lana ƙaramin rauni ne in aka gwada shi da dokar 1923, domin ramin ciyawa ta rufe shi, dokar kuwa duk yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗanɗana ta.

A ƙarshen Oktoba 2007 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Cortina da Fodom da Col, kan ko a mayar da su cikin yankin Trentino da Tirol ta Kudu. Fiye da kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe suka ce a mayar. Tsarin mulkin Italiya ya ce sai majalisar ƙasa a Rum ta yi doka kafin hakan ya tabbata. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Iya ta kaɗa tata ƙuri'ar tana da ƙarfinta, ta rasu tana 'yar lardin Belluno. Har yau majalisar ba ta yi dokar ba.